Yohanna Banyan (1628–1688): Maƙerin da Ya Sa Kaza da Kwaɗo Suka Yi Wa'azi

 A wannan fili namu na tarihin bayin Allah waɗanda suka gama tserensu suka huta, yau za mu kawo muku labarin wani mutumin ƙasar Ingila, Yohanna Banyan, wanda Turawa ke rubuta sunansa John Bunyan. Da yawa daga cikinmu sun san shi ta wurin littafinsa na tafiyar Kirista daga Birnin Hallaka zuwa Birnin Sama. Amma kaɗan ne suka san cewa ya rubuta wani ƙaramin littafi domin yara, inda ya ɗauki kwaɗo, da ƙudan zuma, da kaza, da gizo-gizo, ya mai da su malaman wa'azi.

Mun zaɓi labarinsa saboda dalili biyu. Na fari, talaka ne mai aikin hannu, wanda ya yarda ya zauna a kurkuku shekara 12 maimakon ya rufe bakinsa ga bishara. Na biyu, hanyar koyarwarsa ta dace da mu mazauna karkarar arewacin Kano, su Bichi, Ɗambatta, Tsanyawa, Kunci da Makoɗa, inda gona ke jingine da gona, yaro kuma ke sanin halin akuya da jaki tun bai san baƙi da wasali ba. Ikilisiyoyinmu da yawa ƙanana ne, littattafai sun yi ƙaranci, yaranmu kuwa suna girma. Da me za mu koya musu? Rayuwar wannan bawan Allah tana da amsa.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Banyan a shekara ta 1628 a ƙasar Elstow, wani ƙauye kusa da garin Bedford, aka yi masa baftisma ran 30 ga watan Nuwamba na wannan shekara. Ubansa Toma maƙerin fari ne, mai facin tukwane da butocin ƙarfe, sana'ar da mutanen lokacin ke yi wa kallon raini. Yaron ya ɗan taɓa makaranta har ya iya karatu da rubutu, sa'an nan ya koma maƙerar ubansa. Shi da kansa ya shaida cewa a ƙuruciyarsa da wuya a sami wanda ya kai shi zagi, da rantsuwa, da ƙarya a cikin sa'o'insa, ko da yake mafarkai na ranar shari'a sukan firgita shi da dare.

A 1642 yaƙin basasa ya ɓarke a Ingila tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki. A 1644, yana da shekara 15, uwarsa ta rasu, ƙanwarsa ta bi ta bayan wata guda, ubansa kuma ya sake aure nan da nan. Kafin shekarar ta ƙare Banyan ya shiga sojan majalisa, aka ajiye shi a barikin Newport Pagnell har 1647. A lokacin nan ne aka zaɓe shi wata rana ya tafi bakin dāga, sai wani soja ya roƙa ya tafi a madadinsa. Wannan sojan yana tsaye yana gadi harsashi ya same shi a kai, ya mutu. Banyan bai manta da wannan ba har ƙarshen ransa, amma a lokacin bai sa ya tuba ba.

Da ya bar soja ya koma sana'ar gado, yana yawo ƙauye ƙauye da maƙerarsa a baya. Ya auri wata yarinya matalauciya kamarsa, har ko akushi da cokali ba su mallaka ba. Abin da ta kawo gidan miji shi ne littattafan ibada guda biyu da ubanta ya bar mata, sukan kuwa karanta su tare. Iyaye mata, ku lura da wannan gara. 'Yarsu ta fari, Maryamu, an haife ta makauniya a 1650.

YADDA UBANGIJI YA KAMA SHI

Tuban Banyan bai zo a dare ɗaya ba. Wata Lahadi ya ji wa'azi a kan kiyaye ranar Ubangiji, ya ci abinci, ya fita dandalin ƙauye wasan buga ɗan guntun itace da sanda. Yana tsakiyar wasan sai ya ji kamar murya a zuciyarsa tana tambayarsa ko zai bar zunubansa ya shiga sama, ko kuwa zai riƙe su ya shiga wuta. Wata rana kuma wata mace, wadda ita kanta ba ta da sunan kirki a gari, ta ji yana zage-zage, ta tsawata masa cewa zai lalata dukan samarin garin. Kunya ta kama shi, ya daina zagi, ya daina rawa, ya fara karanta Littafi Mai Tsarki. Maƙwabta suka yaba masa, shi ma ya ɗauka ya zama mutumin Allah.

Sai wata rana aikinsa ya kai shi Bedford, ya tarar da waɗansu mata matalauta uku ko huɗu zaune a bakin ƙofa suna shan hantsi, suna hira a kan sabuwar haihuwa, da yadda Allah ya nuna musu ƙaunarsa cikin Yesu, da yadda ba su dogara ga adalcin kansu ba. Banyan ya tsaya yana ji, ya gāne cewa shi gyaran waje kaɗai ya yi, kamar tukunyar da aka goge bayanta cikinta kuwa da tsatsa. Matan nan suka haɗa shi da fastonsu, John Gifford, wanda shi ma tsohon soja ne da ya tuba.

Shekaru da dama ya yi cikin kokawa da shakka, yana tsoron ko ya yi zunubin da ba a gafartawa. Sharhin Martin Luther a kan wasiƙar Galatiyawa ya taimake shi ƙwarai. A ƙarshe ya sami hutawa sa'ad da ya gāne cewa adalcinsa yana sama, wato Almasihu kansa, wanda ba ya ƙaruwa ran da zuciya ta yi daɗi, ba ya kuma raguwa ran da ta ɓaci. Wajen 1653 ya shiga ikilisiyar Bedford, ba da daɗewa ba 'yan'uwa suka ga baiwarsa suka sa shi wa'azi. Littafinsa na fari ya fito a 1656. Matarsa ta rasu a 1658 ta bar masa 'ya'ya huɗu, a 1659 ya auri Alisabatu.

SHEKARA GOMA SHA BIYU A KURKUKU

A 1660 aka mai da sarauta, Charles na Biyu ya hau gadon ubansa. Hukuma ta koma hana taron sujada a waje da ikilisiyar gwamnati, ta kuma hana wanda ba a naɗa ba yin wa'azi. Ran 12 ga Nuwamba 1660 Banyan ya tafi wa'azi a wani gidan gona a Lower Samsell. Aka gaya masa an ba da takardar kama shi, yana kuwa da zarafin gudu. Ya fita fili ya yi tunani, ya ga cewa in shi mai ƙarfafa waɗansu ya gudu, raunanan masu bi za su karaya. Ya komo ya buɗe taro da addu'a, 'yan doka suka shigo suka tafi da shi.

A Janairu 1661 aka gurfanar da shi gaban alƙalai a ƙarƙashin Sir John Kelyng. Aka yanke masa wata uku, da gargaɗin cewa in bai daina ba za a kore shi daga ƙasar. Ya amsa cewa ko yau aka sake shi, gobe zai yi wa'azi da taimakon Allah. Wata uku nan suka zama shekara 12. Ƙofar kurkuku a buɗe take gare shi kowace rana, in dai zai yi alkawari ɗaya, wato ya yi shiru.

Kada mu ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Alisabatu tana da ciki sa'ad da aka kama shi, firgita ta sa ta haihu kafin lokaci, jaririn bai rayu ba. Ga ta yarinya, ga 'ya'ya huɗu da ba ita ta haifa ba. Duk da haka ta tafi har Landan neman a saki mijinta, a watan Agusta 1661 kuma ta tsaya gaban manyan alƙalai a Bedford. Sir Matthew Hale ya saurare ta da tausayi, Alƙali Twisden kuwa ya yi mata tsawa. Ta faɗa musu a fili cewa don mijinta talaka ne mai facin tukwane shi ya sa aka raina shi aka hana shi gaskiyarsa. Banyan ya rubuta daga baya cewa rabuwa da iyalinsa ta yi masa zafi kamar ana ɗaye nama daga ƙashi, tunanin makauniyar 'yarsa kuwa, da irin wahalar da za ta sha in ba shi, ya fi kome karya masa zuciya.

A kurkuku ya koyi yin igiyoyin ɗaure takalma da riguna, ana sayarwa ana ciyar da gidansa. Yana da Littafi Mai Tsarki da littafin John Foxe na tarihin waɗanda aka kashe saboda bangaskiya. Ya yi wa 'yan sarƙa wa'azi, ya kuma yi ta rubutu. Labarin tubansa ya fito a 1666. A 1672 sarki ya sassauta dokar, aka sake shi, ikilisiyar Bedford kuwa ta riga ta zaɓe shi fasto tun watan Janairu na shekarar. Suka sayi wata rumfar ajiyar hatsi a cikin lambu suka mai da ita majami'a. An sāke kulle shi wajen wata shida tsakanin 1676 da 1677. A 1678 Nathaniel Ponder ya buga masa littafin nan The Pilgrim's Progress, wanda aka juya zuwa harsuna fiye da 200, wajen 80 daga cikinsu na Afirka.

TSOHUWAR AL'ADAR KOYARWA DA DABBOBI

Kafin mu zo ga littafinsa na yara, ya kamata mu san cewa ba Banyan ya fara wannan hanya ba. Tushenta yana cikin Maganar Allah. Karin Magana 6:6 ta aiki rago wurin tururuwa. Ayuba 12:7 ya ce a tambayi dabbobi da tsuntsaye. Ishaya 1:3 ya kunyata Isra'ila da sā da jaki waɗanda suka san mai su. Ubangijinmu ya nuna tsuntsayen sama a Matiyu 6:26, ya kuma kwatanta kansa da kaza mai tattara 'yan tsakinta a Matiyu 23:37.

A nahiyarmu ta Afirka ne aka fara tattara irin waɗannan misalai cikin littafi guda. Tsakanin ƙarni na 2 da na 4, wani Kirista ya rubuta littafi da Helenanci mai suna Fisiyologus, masana kuwa sun fi karkata ga cewa a Iskandariya ta Masar aka rubuta shi. Yana da babi kusan 50. Kowane babi yakan kawo halin wata dabba, ko tsuntsu, ko dutse, sa'an nan ya fassara shi a kan Almasihu, ko Shaiɗan, ko mai bi. Aka juya shi zuwa Latin, da Suriyanci, da Armeniyanci, da Larabci, da Ge'ez na ikilisiyar Habasha. Daga gare shi ne littattafan halayen dabbobi na Turai suka tsiro, waɗanda aka yi ta kwafa da hannu ana zana musu hotuna, musamman a Ingila a ƙarni na 12 da na 13.

Amma akwai gyara a cikin wannan gādo. Littafin ya ce zakanya takan haifi 'ya'yanta matattu, sai a rana ta uku uban ya zo ya hura musu rai, wai misalin tashin Almasihu ke nan. Ya ce kwasakwasa takan huda jikinta ta zuba wa matattun 'ya'yanta jini su farfaɗo, wai misalin gicciye. Ya kawo wani tsuntsu, finiks, mai ƙonewa ya sāke tashi daga toka. Darussan suna da daɗin ji, amma labaran ba gaskiya ba ne. Zaki ba ya haka, masuntan Tafkin Chadi sun san kwasakwasa kifi take ba 'ya'yanta, finiks kuwa babu shi sam. Ko Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, da ya zo kan labarin kwasakwasa a wa'azinsa na Zabura 102, bai tabbatar wa jama'arsa cewa haka abin yake ba.

Da injin buga littattafai ya bayyana a Jamus wajen 1455, al'adar ta sami sabuwar riga. A 1531 aka buga littafin wani lauya ɗan Italiya, Andrea Alciato, a birnin Augsburg. Kowane darasi a cikinsa yana da kashi uku: ɗan gajeren take, da hoto, da 'yan baitoci masu bayyana ma'anar hoton. Wannan tsari na hoto da darasi ya bazu a Turai duka. Fisiyologus kansa aka buga shi a Roma a 1587, da kuma Antwerp a 1588, da hotuna. A Ingila, Francis Quarles ya fitar da nasa na ibada a 1635, Banyan yana ɗan shekara bakwai, mutane kuwa suka karɓe shi hannu bibbiyu. Sai dai yawancin irin waɗannan littattafai na masu ilimi ne, cike da Latin da tatsuniyoyin Helenawa.

DABBOBIN BANYAN

Banyan bai yi karatun Latin ba. Makarantarsa ita ce hanyar ƙauye, da bayan gida, da Littafi Mai Tsarki. A kashi na biyu na littafin tafiyar, wanda ya fito a 1684, matar Kirista da 'ya'yanta sun sauka a gidan wani mai suna Mai Fassara, ya zaga da su ɗaki ɗaki. Ya nuna musu ɗan tsako yana shan ruwa, kowane kurɓi sai ya ɗaga kai sama, domin su koyi gode wa wanda ke ba da alheri. Ya sa su saurari kaza, suka ji tana da kira iri huɗu: kiran yau da kullum, da kira na musamman sa'ad da ta sami abin ba su, da muryar da take yi in suna ƙarƙashin fikafikanta, da kururuwa in ta hangi maƙiyi. Haka Sarkinmu yake kiran mutanensa. Kowace mace a cikinmu da ta taɓa ganin shirwa ta kawo sura a tsakar gida ta san kira na huɗun nan. Ya nuna musu tunkiya tana shiru a hannun mahauci, ya kuma nuna musu wani kyakkyawan ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da ƙaton gizo-gizo a bakinsa, misalin mai bi wanda ke da kyan gani a cikin taro, amma a ɓoye yana haɗiye zunubi.

A 1686 ya fitar da littafin yara maza da mata, mai waƙoƙi 74, da haruffa da lambobi a farkonsa domin masu koyon karatu. Ya bayyana a gabatarwa cewa ba ƙananan yara kaɗai yake nufi ba, har da masu gemu da furfura waɗanda ke wasa da ransu kamar yara. Ya ce ya yarda a ɗauke shi wawa, ya sauko ya yi wasa da su, in dai ta haka zai jawo su zuwa abubuwan sama. Ga kaɗan daga cikin darussan.

Kwaɗo, mai sanyin jiki da faɗin baki, wanda ke zaune a lambu yana ta kuka, shi ne munafuki: yana cikin ikilisiya, bakinsa ya iya surutun addini, zuciyarsa kuwa sanyi ƙalau. Ƙudan zuma shi ne zunubi, da zaƙi a gaba, da harbi a baya. Kazar da ke cika gida da kyarkyara don ta yi ƙwai ɗaya ita ce mai bi wanda ba ya iya yin alheri sai duniya ta ji. Ƙudan da ke kai wa harshen kyandir hari har ya ƙone fikafikansa shi ne mai faɗa da hasken bishara. Aladen da ake yi wa kiwo yana murna da dusa bai san wuƙa ake shirya masa ba. Yaron da ke bin malam-buɗe-littafi har ya faɗa cikin ƙaya shi ne mai bin kayan duniya. Dodon koɗi kuwa, mai tafiya a hankali ba tare da hayaniya ba har ya kai ga abincinsa, shi ne mai neman Almasihu da naciya. Mu ma mukan ce sannu ba ta hana zuwa.

Mafi tsawo a cikinsu muhawara ce tsakanin mai zunubi da gizo-gizo. Mutumin ya raina shi, ya kira shi ƙazamin abu mai dafi. Gizo-gizo ya amsa cewa shi dai yana nan yadda Mahaliccinsa ya yi shi, mutum ne ya zubar da darajarsa. Ya nuna masa yadda saƙarsa ke kama ƙuda kamar tarkon Shaiɗan, da yadda yake kutsawa har fādar sarki, haka mai zunubi zai iya kaiwa ga Sarkin sarakuna in ya riƙe da bangaskiya. Banyan ya ɗauko wannan daga Karin Magana 30:28 bisa ga juyin Turanci na zamaninsa, ko da yake masana Ibrananci da yawa yanzu suna ganin ƙadangare ayar take nufi. Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi mun saba da Gizo maƙaryaci mai wayon cuta. A hannun Banyan kuwa gizo ne ke faɗa wa mutum gaskiya.

Abin lura shi ne, bugun 1686 ba shi da hoto ko ɗaya. Sai bayan rasuwarsa aka rage waƙoƙin zuwa 49, aka sa hotuna, a 1724 kuma aka sāke masa suna Divine Emblems. A ganinmu rashin hoton bai rage kome ba, gama ya zaɓi abubuwan da yaron ƙauye ke gani kullum da idonsa. Bai je neman finiks ba, ga kaza a tsakar gida.

ƘARSHEN TSERENSA

A shekarunsa na ƙarshe sunansa ya kai ko'ina, har ana yi masa laƙabi da Bishop Banyan saboda yawan zagayen ikilisiyoyin ƙauye. Abokinsa Charles Doe ya ba da labari cewa a Landan ya ga mutum wajen 1,200 sun taru jin wa'azinsa da ƙarfe bakwai na safe, a ranar aiki, cikin hunturu. Babban malamin tauhidi John Owen yakan je sauraronsa. Duk da haka bai bar ƙaramar ikilisiyarsa ta Bedford ba.

A watan Agusta 1688 wani saurayi da ubansa ya yi fushi da shi, har yana shirin hana shi gādo, ya roƙi Banyan ya shiga tsakani. Dattijon ya hau doki ya tafi garin Reading, ya sulhunta uba da ɗa. A hanyarsa ta zuwa Landan ruwan sama mai ƙarfi ya yi masa dūka. Ya yi wa'azinsa na ƙarshe ran 19 ga Agusta a kan Yohanna 1:13, zazzaɓi ya kwantar da shi a gidan abokinsa John Strudwick, ya yi barci cikin Ubangiji ran 31 ga Agusta 1688, bai cika shekara 60 ba. An binne shi a maƙabartar Bunhill Fields a Landan. Ya bar littattafai wajen 60. Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1689, aka yi dokar da ta ba irin ikilisiyarsa 'yancin sujada.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na fari, mu buɗe idanunmu. Bahaushe ba baƙo ba ne ga koyo daga dabbobi. Tun 1885 mishan J. F. Schön ya buga tatsuniyoyinmu a Magana Hausa, a 1937 kuma Abubakar Imam ya sa aku ya zama mai ba da labari a Magana Jari Ce. Malamin makarantar Lahadi wanda ba shi da allo ko hoto, ai yana da shamuwa, wadda zuwanta ke gaya wa manomi damina ta kusa, Irmiya 8:7 kuwa ya yi maganar irin wannan tsuntsu mai sanin lokacinsa. Yana da gara, wadda ke cin rumbu daga ciki alhali waje lafiya lau, kamar ƙiyayyar da aka ɓoye a cikin ikilisiya. Yana da akuyar da aka ɗaure a turke da damina, tana kuka tana ganin an zalunce ta, ba ta san igiyar ce ke tsare gonar da za ta ba ta harawa da rani ba. Yana da jaki mai kai taki gona a mangala, aikin da ba mai yaba masa, amma ba don shi ba da ƙasarmu da ake nomawa kowace shekara ba hutu ta gaji tuni.

Na biyu, kada mu ƙaga wa dabba halin da ba ta da shi don wa'azi ya yi daɗi. 'Ya'yanmu suna zuwa makaranta. Ran da yaro ya gāne labarin zakin da malaminsa ya ba shi ƙarya ne, zai fara tambayar ko tashin Almasihu ma haka yake. Manzo Bitrus ya nanata cewa ba tatsuniyoyin da aka ƙaga da wayo manzanni suka bi ba (2 Bitrus 1:16). In tatsuniya ce, mu faɗa cewa tatsuniya ce.

Na uku, misali bara ne, Maganar Allah ita ce uwar gida. Banyan ya ga zunubi a jikin ƙudan zuma, mu kuwa mukan ce ba a shan zuma sai an sha harbi, muna nufin haƙuri da wahala. Dukansu biyu suna da amfani, amma ba ɗayan da za a gina koyarwa a kansa. A Wahayi 5:5 zaki Almasihu ne, a 1 Bitrus 5:8 kuwa da zaki aka kwatanta Iblis. Saboda haka kowane misali sai a ɗaure shi a jikin aya, tun da Allah ya ba mu Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932.

Na huɗu, darasi dabam, camfi dabam. Kukan mujiya a kan ɗaki ba saƙon mutuwa ba ne, tsuntsuwa ce Allah ya yi ta tana farautar ɓeraye da dare. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana mu dūba da neman alamu. Halitta tana nuna ikon Mahalicci, kamar yadda Romawa 1:20 ta koya mana, ba ta faɗa mana abin da gobe za ta haifa.

Na ƙarshe, mu tuna cewa mutumin da ya sunkuya ya yi wa yara maganar kwaɗo shi ne wanda ya tsaya gaban alƙalai bai tanƙwara ba. Bai tayar da fitina ba, ya karɓi hukuncin da aka ɗora masa da haƙuri, amma bai sayar da kiransa ba, tafiyarsa ta ƙarshe kuma ta sulhu ce. Mu da muke zaune tsakanin 'yan'uwa da maƙwabta waɗanda ba bangaskiyarmu ɗaya ba, muna cin kasuwa ɗaya muna shan rijiya ɗaya, wannan hali muke bukata, irin wanda Matiyu 10:16 ta kwatanta da maciji da kurciya.

Muna roƙon malaman makarantar Lahadi, da na ajin baftisma, da shugabannin zumuntar mata, su gwada wannan a makon nan: kowane yaro ya lura da dabba ɗaya a gidansu, ya zo ya faɗi abin da ya gani da idonsa, sa'an nan a nemi ayar da ta dace tare. Ubangiji wanda ya ɗauki maƙerin Elstow ya mai da shi malamin al'ummai, ya ba mu idon gani, da bakin faɗar gaskiya, da zuciyar jimrewa har ƙarshe. Amin.